Kundin aikin sauya bawul-bawul a layin asid da soda

4 ga Maris, 2024

Yau shugabannin masana'anta suka sa hannu a kan sauya bawul-bawul na sashen tace ruwa. Layi uku aikin ya shafa: na asid ɗin HCl mai ƙarfin kashi 33 cikin 100, na kostik soda mai kashi 50, da na haifo, wato ruwan bilic mai ƙarfi da muke zubawa a ruwan sanyaya injuna. Asid da soda su ne muke farfaɗo da ƙwayoyin tace ruwa da su duk lokacin da suka gaji.

Abin da ke kan layin asid yanzu abin tsoro ne. Rabi bawul ne na roba zalla, rana da tiririn asid sun busar da su har mariƙinsu yana karyewa a hannu. Sauran na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, samfurin 316, wanda aka sa a wani gyaran gaggawa tun kafin zuwana. HCl ba ya ragawa wannan ƙarfe. Na kwance ɗaya da aka cire makon jiya, ƙwallon cikinsa duk ramuka ne ƙanana, wani wurin har farce na shiga. Ma'aikacin da ke buɗe shi kullum yana tsayawa ne fuskarsa ba ta fi kamu biyu da shi ba. Wannan ne ya hana ni barci, ba asarar asid ɗin ba.

Shawarata ita ce bawul mai ƙwallo wanda jikinsa ƙarfe ne, amma duk inda ruwa zai taɓa an yi masa shafi da robar fulorin. Ƙarfen ya ɗauki matsi da nauyin bututu, robar ta tare asid.

7 ga Maris

Na yini a kan zaɓen irin shafin. Mutane kan ce "Teflon" su wuce, alhali dangi ne masu yawa kuma halinsu ba ɗaya ba.

PTFE shi ne babban yayansu, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938. Yana narkewa ne a wajen digiri 327 na ma'aunin Celsius, amma ko ya narke ba ya kwarara, don haka ba a iya zuba shi a mazubi. Garinsa ake matsewa a gasa. Ya dace da zoben da ƙwallo ke zama a kai, amma lulluɓe lungu da saƙon cikin bawul da shi yana da wuya. PFA kuwa yana narkewa a wajen 305, yana kwarara, ana tura shi da matsi ya cika cikin jikin bawul ya rufe ƙwallo ba tare da gaɓa ba, kuma juriyarsa ga sinadarai kusan ɗaya ce da ta PTFE. FEP ma ana zuba shi, ya fi sauƙin kuɗi, sai dai bai kai PFA jure zafi ba.

Akwai PVDF, mai tauri da arha, wanda da layin asid kaɗai ne da na duba shi. Amma soda mai ƙarfi tana tsattsaga shi. Ba na son a samu bawul iri biyu masu kama ɗaya a sito, wata rana da tsakar dare wani ya ɗauko na asid ya ɗaura a layin soda. PFA za a sa ko'ina, zobban zama kuma PTFE.

Abubuwan da ke iya cin wannan roba kaɗan ne: narkakken ƙarfen sodiyam da danginsa, da iskar fulorin kanta cikin zafi. Babu ko ɗaya a wurinmu.

11 ga Maris

Na miƙa wa sashen saye takardar sharuɗɗa. Kaurin shafi kada ya gaza milimita 3. Jiki ya zama na zubin ƙarfe mai lanƙwasa, ASTM A395 ko makamancinsa. Leɓen haɗi ya bi ASME B16.5 aji 150, tsawo kuma B16.10 don ya shiga gurbin tsofaffin. Ƙwallo da sandar juya shi su zama abu guda, an lulluɓe su tare. Kan bawul ya bi ISO 5211 saboda waɗanda za mu ɗora wa injin juyawa. Kowane ɗaya ya zo da takardar gwajin tartsatsi, mai gano huda a shafi, da ta gwajin matsi.

Sharaɗi guda na ja wa layi biyu: dole shafin ya zama a kulle cikin ƙarfe. Masu ƙera na kirki suna yanka kwarmi mai faɗin ciki a jikin ƙarfen kafin su zuba robar, ta shige ciki ta riƙe. Robar nan ba ta manne wa komai, kuma in zafi ya tashi tana buɗewa kusan ninki goma fiye da ƙarfe. In ba a kulle ta ba, ranar da famfo ya zuƙe layin ya bar shi ba iska, sai ta ɓanɓaro ta rufta ciki.

14 ga Maris

Tayin farashi sun iso. Wanda ya fi arha bai faɗi kaurin shafinsa ba, da aka tambaye shi kan kullewa sai ya amsa da cewa kayansu "masu inganci ne". Shugaban saye ya kira ni ofishinsa.

"Injiniya, duka fa Teflon ne. Me zai sa mu biya ƙari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muke saye milimita uku ne na roba. In babu su, ƙarfen banza muka saya."

Na kai masa ƙwallon nan mai ramuka na ajiye a teburinsa. Ya jujjuya shi, ya ce araha ba ta ado, ya sa hannu a tayi na tsakiya. Na kuma nuna masa cewa ɗaya hanyar ita ce bawul na gamin nikel irin su Hastelloy, wanda kuɗinsa ya zarce wannan nesa ba kusa ba.

25 ga Maris

Ana jiran kaya. An auna gurabe, an yi odar noti masu rufin roba da rigunan leɓe masu tare feshi.

2 ga Afrilu

Babu labari daga masu kawo kaya. Mun gyara matokaran bututu biyu da tiririn asid ya cinye.

15 ga Afrilu

Kaya sun iso jiya da yamma bayan na tashi. Da safe na shiga sito na tarar an jera su a kan kanta, an cire musu murafen kariya duka, huɗu kuma an kifa su a kan leɓensu a bisa siminti. Gabana ya faɗi.

Dattijon da ke riƙe da sito mutum ne mai tsari, da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce, "Injiniya, ƙidaya na yi, na buɗe ne in ga ko akwai wanda ya fashe a hanya." Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa farar robar da ta fito ta kwanta a fuskar leɓe ita ce gaskit ɗin bawul ɗin, wato abin da ke toshe haɗin ya hana yoyo. Ba a sa wani gaskit tsakanin leɓe mai shafi da ɗan'uwansa, robar ce ke haɗuwa da roba. Murfin kuma ba don ƙura kaɗai ba ne, yana danne robar ne don kada ta miƙe ta ɗago.

Na ce, "Baba, zo mu duba tare." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila da yatsa. Uku daga cikin waɗanda aka kifa ƙurji ne sama-sama, mai bin zagayen leɓe, irin wanda takardar goge mai laushi ke sharewa. Na huɗun tsakuwa ta ja masa layi daga bakin rami har zuwa gefen waje, farce yana maƙalewa a ciki. Irin wannan layin hanya ce aka share wa asid, ko an ɗaure noti yaya zai bi ta. Na ware shi da jan fenti. Muka mayar da murafen, shi da kansa ya rubuta a kwali ya rataye: kada a buɗe sai ranar ɗaurawa.

17 ga Afrilu

Na bi takardun gwaji, lambar kowane bawul da takardarsa. Gwajin tartsatsi shi ne na fi damuwa da shi: ana bin shafin da sanda mai wutar volt dubu 10 ko sama, in akwai huda ko da ido ba ya gani, wuta za ta yi tsalle zuwa ƙarfe. Duk sun wuce. Gwajin matsi an yi shi bisa EN 12266-1, ba yoyo.

Wanda ya ƙurje za a mayar a sake masa shafi, kuɗin a kanmu.

22 ga Afrilu

Matsala babba. Bawul biyar na layin haifo sun zo da ƙwallo na yau da kullum, alhali na rubuta a sharaɗi cewa mai hudar numfashi ake so. A takardar odar da ta isa wurin masu ƙera, wannan layin ya ɓace.

Wanda bai san haifo ba zai ce abu kaɗan ne. In aka rufe bawul mai ƙwallo, ruwa kan maƙale a ramin ƙwallon da kuma ɗan sararin da ke tsakaninsa da jiki, zobba biyu sun toshe shi gaba da baya. Ruwan banza ne, sai ya zauna lafiya. Haifo kuwa ba ya zama. A hankali yake rushewa ya koma gishiri da iskar oksijin, zafi na ƙara masa sauri, haka ma ɗan ɓurɓushin nikel ko tagulla. Iskar ba ta da mafita. Matsi ya yi ta hawa har ya lanƙwasa zobba, ko kuma ranar da aka zo buɗewa ya yi tsartuwa. A bawul na roba zalla har fashewa akan samu. Hydrogen peroxide ma haka yake yi. Maganin shi ne ƙaramar huda a gefen ƙwallon da ke fuskantar inda ruwa ke fitowa, iskar ta koma baya cikin layi.

Babban mai haɗa bututunmu ya ce, "Oga, ba ni minti goma da diril, in huda maka su." Na san da gaske yake kuma hannunsa na da kyau. Na ɗauko zanen na nuna masa cewa cikin ƙwallon ƙarfe ne, robar waje ce kawai. Ka huda, ka buɗe wa haifo ƙofa zuwa ƙarfen. Hudar masana'anta ita kanta a lulluɓe take. Ya yi shiru ya ce to Allah Ya kyauta.

Masu kawo kayan sun yarda za su aiko da ƙwallaye biyar na daidai, amma sai ƙarshen Mayu. Layin haifo zai ci gaba da tsofaffinsa, na sa a riƙa duba su kowane canjin aiki. Za mu yi asid da soda kawai in an tsayar da sashen wannan karon.

29 ga Afrilu

An tsayar da sashen. An zuƙe layuka, an wanke da ruwa har takardar gwaji ta daina canza launi, an kulle bawul ɗin gindin tanki da kwaɗo, makulli a aljihuna. Kowa da rigar roba, safar hannu, takalmi da garkuwar fuska. Na gwada famfon wankin ido da na wanka kafin a taɓa noti ko ɗaya. Layin asid da na haifo suna bin kwata ɗaya a ƙasa, na sa aka toshe tsakaninsu, domin haɗuwarsu iskar kulorin ce.

30 ga Afrilu

An ɗaura tara, biyu sun ƙi.

A wuraren nan biyu bututun ya kauce, leɓe ba ya kallon leɓe. Tsofaffin bawul na ƙarfe an jawo bututun ne da ƙarfin noti aka haɗa, shekara da shekaru suna a takure. Yaran sun so su yi haka, na hana. Leɓe mai shafi in aka ja shi a karkace, gefe ɗaya robar za ta murƙushe, ɗaya gefen ta yi sako-sako. Sai da aka kwance matokara aka sake saita bututun har ramukan noti suka haɗu da kansu.

Gyaran matokara ya buƙaci walda. Na sa aka kwashe bawul-bawul daga wurin gaba ɗaya, aka kuma hana maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin bututu mai shafi. Zafi na lalata robar ta ciki ba a gani, hayaƙinta kuma in ta ƙone yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Ɗaurin noti da sifana mai awo aka yi, bisa jadawalin masu ƙera, a gicciye, zagaye uku: kashi 30, 60, sannan 100. Bayan haka zagaye ɗaya a jere. Inda bawul ya haɗu da leɓen famfo mara shafi an sa gaskit na PTFE.

2 ga Mayu

Gwajin ruwa a ninki ɗaya da rabi na matsin da aka tsara wa layin. Geji bai motsa ba.

3 ga Mayu

Sake ɗauri. Yaran sun yi mamaki da suka ga notin da suka ƙure ranar Talata suna sake juyawa, wasu har kwatan zagaye. Ba wanda ya kwance su. Robar ce ke lotsawa a ƙarƙashin matsi ko babu zafi, kamar matashin kai da aka kwana a kansa. Shi ya sa ake komawa bayan aƙalla awa 24, a kuma sake komawa bayan layin ya yi zafi ya huce karon farko. Ba a ɗaure noti layi yana da zafi, ba a kuma wuce adadin jadawali, don in aka wuce robar za ta matso waje ta yi siriri.

6 ga Mayu

An saki asid da ƙarfe goma na safe. Na bi kowane leɓe da kwalbar amoniya a buɗe. In akwai tiririn HCl ko kaɗan ne, farin hayaƙi zai tashi a bakin kwalbar tun kafin a ga ɗigo. A bawul na uku daga tanki wani siririn hayaƙi ya taso daga wuyan sanda, ba daga leɓe ba. Aka sauke matsi, aka ƙara wa notin matse wuyan kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai. Ya ɗauke. Soda an sake ta da rana, lafiya lau. An ɗaura rigunan leɓe.

9 ga Mayu

Masu fenti sun shigo jiya. Aikinsu ya yi kyau a ido, sai dai sun cike ƙananan ramukan da ke jikin kowane bawul, har wasu sun sa makuba tukuna don a zatonsu aibin zubi ne.

Ramukan nan da gangan aka yi su. Asid ba ya cin PFA, amma ƙwayoyin HCl ƙanana ne, suna ratsa robar sannu a hankali su fita bayanta, kuma zafi na ƙara wannan ratsawa. Kulorin da buromin ma haka. In ramin a buɗe yake, abin da ya ratsa ya fice iska ta ɗauke. In an toshe, ya taru tsakanin roba da ƙarfe, ya haɗu da danshi, ya ci jikin bawul ta inda ba mai gani, ko ya tura shafin ya kumbura ciki. Ramin ne kuma ke fara ba da labari ranar da shafi ya huje: ɗigo ɗaya a nan ya ishe ka ka tsayar da layi kafin ƙarfe ya ɓule.

Mun yini muna buɗe su da tsinken katako. Na hana amfani da waya ko ƙusa, domin bayan ramin robar ce kai tsaye. Na zauna da shugaban masu fentin na zana masa abin a takarda. Ya ce shekararsa da yawa a aikin nan ba wanda ya taɓa yi masa wannan bayani, kullum cewa ake "shafe ko'ina". Na yarda da shi. Daga yau an sa wa kowane rami zoben jan alama.

14 ga Mayu

Ɗaya daga cikin bawul biyu masu injin juyawa ya tsaya a rabin hanya da asuba. An zaɓi injin ne a kan iska mai matsin bar 6, amma a ƙarshen layinmu geji na nuna 4.5 in sauran sassa na aiki. Ga shi bawul mai shafi yana buƙatar ƙarfi sosai a juyin farko in ya daɗe a rufe, don ƙwallon ya riga ya nutsa cikin zobe.

An ba da shawarar a sayo injin da ya fi girma. Na duba takarda, ƙarfinsa zai wuce abin da sandar bawul ɗin za ta ɗauka, ranar da wani abu ya maƙale zai murɗe ta ya yaga shafin wuya. Mun sauya siririn bututun iska da mai faɗi, muka sa ƙaramin tankin ajiyar iska kusa. Yanzu yana buɗewa cak. Rufewa dama sifirin ne ke yi in iska ta ɗauke, shi ma an gwada.

20 ga Mayu

Na tarar da wani ma'aikacin dare ya bar bawul ɗin asid a rabin buɗe don rage gudu. Da tsofaffin haka suka saba. Bawul mai ƙwallo na buɗewa ne ko rufewa. A rabi, ruwa na feshi ta siririn tsagi yana zaizaye gefen zobe, gefen da ba shi da abin jingina kuma yana lanƙwashewa. Bukatarsu gaskiya ce, suna son sarrafa gudu kuma ba mu ba su abin yi ba. Na sa bawul mai fatar diyafuram mai shafi a jerin saye. Kafin ya zo, da saurin famfo za su rage.

28 ga Mayu

Ƙwallayen haifo sun iso. An harhaɗa su a shago a kan tebur mai shimfiɗar roba. Da yake hudar ta sa bawul ɗin ya zama mai fuska ɗaya, an buga kibiya a jikin kowanne, na kuma tsaya a kan ɗaurin don kada a juya baya.

3 ga Yuni

Lissafi. Kuɗin bawul-bawul bai wuce abin da aka ware ba. Abin da ya haura shi ne sake shafin wanda ya ƙurje, tankin iska, gyaran matokara, da tsayawa ta biyu saboda haifo. Ƙwallayen masu kawo kaya ne suka ɗauki nauyinsu. An yi sake ɗauri na biyu a layin asid da soda, notin sun ɗan juya kaɗan. Ƙananan ramukan jikin bawul duk a bushe.

Na nemi a ajiye zobba da kayan wuyan sanda na kowane girma a sito, da bawul ɗaya cikakke na girman da muka fi amfani da shi. Dalilina har da abin da ke faruwa a kasuwar robar: a Janairun 2023 Jamus, Holand, Denmak, Norwe da Suwidin sun miƙa wa hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai buƙatar taƙaita dangin sinadaran fulorin da ake kira PFAS, wanda waɗannan robobi ke ciki, kamfanin 3M kuma ya sanar tun Disambar 2022 cewa zai daina yin su zuwa ƙarshen 2025. Gara kayan gyara su kasance a hannu.

Mataki na gaba layin asid ɗin salfurik ne mai kashi 98. Shi baƙin ƙarfe yana iya ɗaukarsa in gudu kaɗan ne, amma a wurin da ake gauraya shi da ruwa yana zafi sosai kuma yana cin ƙarfe, nan za a fara. Sai na samu ainihin zafin wurin kafin in rubuta sharaɗi, don matsin da bawul mai shafi ke ɗauka yana raguwa in zafi ya hau. Bayan gwajin ruwa dole a busar da layin ƙarƙaf kafin asid ya shiga. Ranar 10 ga wata za a maƙala ma'aunin zafi a bututun, a bar shi mako guda yana ɗauka. Dattijon sito da shugaban masu fenti za su zauna a taron farko.